Ɗan Damben da Ya Yi Karatu a Zauren Malam Ilu

Halliru ɗan mahauta ne, haifaffen cikin garin Gumel. Mahaifinsa ya rasu tun yana goye, a hannun wan mahaifin nasa, Kawu, ya tashi, a wurinsa ya koyi fiɗa da fawa. Amma ba da wuƙa aka san shi ba. Tun yana ɗan shekara goma sha bakwai yake ɗaure hannun hagu ya shiga fagen dambe, kuma kaka huɗu a jere ba a sami wanda ya kai shi ƙasa ba, daga Gagarawa har ƙauyukan Damagaram. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, magana ba ta dame shi ba. In masu kalangu suka ɗauko takensa sai ya sunkuyar da kai kamar wanda ake yi wa faɗa, ba ya ɗagowa sai an fito masa da abokin karawa.

Kakar da ta biyo bayan shigowar Turawa Gumel, aka shirya wasa a Maigatari ranar kasuwa, bayan la'asar. Aka haɗa shi da wani saurayi baƙo daga arewa, wanda ko sunansa Halliru bai riƙe ba. Turmin farko suka tashi babu wanda ya faɗi. A na biyu saurayin ya kawo hannu ya wuce, Halliru ya goce ya sauke masa nasa a ƙasan kunne. Saurayin ya tafi gaba ɗaya ya kifa rubda ciki. Fage ya ɗauki ihu ana cewa ya kashe shi, don haka ake faɗa a dambe in mutum ya taɓa ƙasa. Masu kalangu suka ƙara wuta. Sai da aka je ɗaga shi aka ga jini na fita ta hanci da kunne, ƙafarsa ɗaya tana shurin yashi. Kafin a kawo ruwa ta daina.

'Yan'uwan mamacin su bakwai ne a wurin, su ma mahauta ne, kowa da wuƙarsa a ƙugu. Suka yo kan Halliru. Shi kuwa yana tsaye bai motsa ba, hannunsa a ɗaure. Kawu ne ya sha gabansa, wuƙar da aka kawo ta tsaga shi daga kafaɗa har gwiwar hannu. Mutanen Gumel suka ciro itatuwan rumfuna, kasuwa ta kacame, aka fasa kawuna, aka tattake wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Sai da dogarai suka shigo da bulala sannan aka rabu.

Manya suka shiga tsakani aka sasanta, aka ce wasa ne ya zo da ajali. Kawu ya warke, amma hannun ya shanye. Halliru ya yi wata biyu ba ya zuwa mahauta. In aka ajiye masa tuwo da nama a kai sai ya ture. Wata safiya uwarsa Laure ta same shi zaune a bayan ɗaki ta ce, "Zaman nan zai kashe ka. Akwai wani malami kusa da Ɗanzomo, an ce yana karɓar manya masu gemu. Ka tafi can."

Ya ce, "Inna, ko harafi ɗaya ban sani ba."

Ta ce, "Shi ya sa za ka tafi."

Makarantar Malam Ilu tana gabas da Ɗanzomo, tafiyar rabin hantsi, a wani fili mai tsamiya uku da rijiya mai zurfin gaba talatin. Malamin ɗan tsoho ne ƙanƙani, ya yi shekara goma sha biyu yana karatu a Barno kafin ya dawo ya kafa wurin. Ɗalibansa sun kai tamanin, daga Haɗeja, da Daura, da Kazaure, da Damagaram, kuma kashi uku ya raba su. Masu allo suna ƙarƙashin tsamiya, su ne ke koyon baƙi da wasali. Gardawa, wato waɗanda suka kama hadda, suna bukkokinsu ta yamma. Sai 'yan zaure, masu karatun littafi: fiƙihu da hantsi, nahawu da luga bayan azahar, lissafin watanni da taurari ga wanda ya yi nisa. Alhamis da Juma'a hutu. Da damina kowa ya ɗauki hauya, a noma gonar makaranta sannan mutum ya noma tasa. Da rani a yi ɗinkin hula, da saƙar tabarma, da tufkar igiya. Masu iyali suna da gidajensu na zana a gefe.

Halliru ya durƙusa a ƙofar zaure. Malam Ilu ya dube shi ya ce, "Me ka sani?"

"Ban san komai ba, Allah gafarta Malam. Na kashe mutum."

"Labarin ya riga ka zuwa. Ba shi na tambaye ka ba." Sannan ya ce, "Za ka zauna. Amma hannun nan naka ba zai tashi a kan kowa ba muddin kana wurina. Ka yarda?"

Ya ce ya yarda. Aka ba shi allo, ya je ya zauna a ƙarƙashin tsamiya, ƙato guda a cikin waɗanda ya girme wa nesa.

Shugaban gardawa a lokacin wani ne Ɗantala. Haddarsa ba ta da kuskure, muryarsa kuma in yana tilawa har mata kan tsaya da daka. Shi ke riƙe da dorina, shi ke raba aikin rijiya. Ya daɗe da jin sunan Halliru a bakin makaɗa, ya kuma ji alkawarin da aka ɗaura masa. A mako na biyu Halliru yana jan guga, Ɗantala ya zo ta bayansa ya ce yana nawa, ya zuba masa dorina. Halliru bai saki igiya ba, don in ya saki gugan ya tafi ke nan. Ya ci gaba da ja, Ɗantala ya ci gaba da duka, har gugan ya iso baki. An ƙirga goma sha ɗaya. Rigarsa ta manne da bayansa, sai da aka jiƙa ta sannan ta fita.

Wanda ya jiƙa masa ita shi ne Barau, wani siriri ɗan Damagaram, wanda duk zauren babu mai kamo shi a nahawu. Ya daka bagaruwa ya barbaɗa masa, yana yi yana tsaki. Ya ce, "Da wannan jikin naka kake jin tsoron Ɗantala?"

Halliru ya ce, "Ba shi nake tsoro ba. Na ga abin da hannuna yake yi."

Daga ranar Barau ya riƙa zuwa bayan la'asar yana biya masa allonsa. Kan Halliru ba ya ɗauka da wuri. Abin da wani zai riƙe a kwana biyu shi sai ya yi mako. Sai dai in ya shiga ba ya fita. Ɗantala kuwa bai daina ba. Ya taɓa fasa masa allo a ka a gaban mutane, ya taɓa take masa yatsu yana alwala. Malam Ilu ya kira Ɗantala ya yi masa faɗa har sau uku, sai ya lafa na wata guda ya dawo. A shekara ta shida ya kama wani gardi ɗan Kazaure da ya yi masa gyara a karatu, ya doke shi da taɓarya har ya karya masa hannu wuri biyu. Ran nan Malam ya tara makaranta duka, ya sa aka ɗauko gafakar Ɗantala, jakar fatar da yake ajiye takardunsa, aka miƙa masa, ya ce kada rana ta faɗi yana wurin. Ɗantala ya tofar da yawu a ƙofar zaure ya yi arewa.

A shekarar nan Halliru ya sauke karatun allo. Ya auri Kyauta, 'yar wani manomi a Ɗanzomo, mace mai dariya da yawa wadda ba ta jin nauyin gaya masa gaskiya. Bai yi hadda ba, Malam ya ce kansa ba na hadda ba ne, ya wuce da shi zaure kai tsaye. Can baya yake zama kusa da ƙofa, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Shekara uku ya yi a kan babin tsarki, da salla, da yanka, da jana'iza, alhali abokan shigarsa sun yi gaba. Bai damu ba. Ya ce wa Barau waɗannan kwanakin ne ya fara cin abinci yana jin ɗanɗanonsa.

Sai damina ta ƙi. Ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke, gero ya bushe yana tsaye bai kai gwiwa ba. Kafin bazara ta zagayo mutane sun koma tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi, ana dakan ƙarangiya ana damawa. A kan hanyar Maigatari ana tsintar gawa. Ɗalibai suka watse, daga tamanin suka koma ashirin da biyu. Malam Ilu yana da hatsin shekarun baya da ya binne a rami a bayan zaure, a ƙarƙashin turken jaki, manyan ɗalibai kaɗai suka san wurin. Daga nan ake ɗibar abin da za a dama kunu sau ɗaya a rana, a ba ɗalibai da iyalansu, a ba wanda ya iso da rai daga hanya. Karatu bai tsaya ba. Wasu a kishingiɗe suke ɗauka don ba su iya zama.

Wata Talata da hantsi, ana tsakiyar darasin fiƙihu, suka ji kukan raƙuma. Mutum tara ne, fuskokinsu a rufe da rawani, da masu da takubba, ɗaya yana da bindiga. Na gabansu ne kaɗai bai rufe fuska ba. Ɗantala ne, ya rame har idanunsa sun faɗa.

Malam Ilu ya rufe littafi ya fito da sandarsa. Ya ce, "Ɗantala, na san abin da ya kawo ka. Ku sauka a dama muku kunu. In za ku tafi ku ɗauki rabi, ku bar mana rabi. Akwai mata masu shayarwa a nan."

Ɗantala bai dube shi ba. Ya nuna wa mutanensa turken jakin da bakin takobi. Malam ya taka ya tsaya a kan wurin. Ɗaya daga cikin masu rawanin ya ce masa ya kauce, bai kauce ba, sai mutumin ya soka masa mashi a ƙasan haƙarƙari ya zare. Tsohon ya zauna a ƙasa a hankali, kamar wanda ya gaji.

Ɗalibai suka fito da abin da hannunsu ya kai gare shi, hauya, da fartanya, da allo. Mai bindiga ya harba sau ɗaya, harsashin ya sami Mu'azu, wani ɗalibi ɗan Haɗeja, a wuya, ya faɗi a kan wanda ke bayansa. Kafin mai bindigar ya sake ɗura ta aka sare masa hannu da hauya. Wani ya jefa garwashi a kan jinkar zaure, wuta ta kama nan take, don komai a bushe yake. Mutanen da yunwa ta cinye ne ke faɗa da juna, sara ɗaya sai mutum ya faɗi ya kasa tashi.

Halliru ya fito yana riƙe da itacen da ake tokare ƙofa. Ya kai wa wanda ya soki Malam duka a tsakiyar ka, mutumin ya zube daga kan raƙumi bai ko shura ba. Itacen ya karye. Yana juyowa ya ga Ɗantala ya sauko yana tahowa da takobi. Halliru ya tare saran da hannun dama, yatsu uku suka tafi, bai ji ba sai daga baya. Hannun hagu ya tashi da kansa. Ya sami Ɗantala a muƙamuƙi, ya ji ƙashi ya ba da hanya. Ɗantala ya faɗi, Halliru ya hau kansa ya ci gaba da duka. Bai san sau nawa ba. Abin da ya sani shi ne Kyauta ta riƙe masa wuyan riga ta baya tana cewa, "Malam, ya isa. Babu kowa a nan kuma. Tashi, Barau yana cikin wuta."

Barau ya koma zaure ne don ya fito da littattafai, azara ta faɗo masa a ƙafa. Halliru ya shiga cikin hayaƙi ya ɗage ta da kafaɗa, ya jawo shi waje, gafaka biyu a rungume a ƙirjinsa. Sauran maharan sun riga sun tone ramin, sun ɗora abin da suka iya ɗorawa, sun yi arewa, sun bar gawar mutum uku.

Malam Ilu ya kai azahar. Sun kwantar da shi a inuwar tsamiya. Halliru ya durƙusa kusa da kansa, hannunsa a naɗe da tsumma, jini na ɗiga. Ya ce, "Allah gafarta Malam, na karya alkawari."

Malamin ya buɗe ido ya ce, "Na gani. Je ka wanke hannunka, ka zo ka juya ni alƙibla." Da ya dawo ya juya shi, sai Malam ya ce a gaya wa Barau ya riƙe makarantar. Daga nan ya cika.

Mutum takwas aka binne ranar, biyar na makaranta, uku na maharan. Halliru ne ya yi musu wanka duka da hannu ɗaya da rabi, har da Ɗantala, wanda sai da aka rufe masa fuska da ƙyalle kafin a iya dubansa. Bayan kwana uku dogarai suka zo daga Gumel suka tafi da shi gaban alƙali. Aka ji shaidu, aka sallame shi. Ya biya ta gidansu ya tarar Laure ta rasu tun farkon yunwar. Ya kwana biyu wurin Kawu ya komo.

Wasu suka watse, mutum goma sha ɗaya suka rage a makarantar. Hatsin da maharan suka zubar a yashi aka riƙa tankaɗewa ana ci har ruwa ya sauka. Yaron Halliru na fari, mai shekara biyu, bai kai damina ba. Halliru ya yi watanni in ya zauna karatu sai ya danne hannun hagunsa a ƙarƙashin cinya. Ya taɓa ce wa Kyauta zai bar wurin, don bai ga amfanin shekara goma ba tunda abin yana nan a jikinsa. Ta ce masa, "Da ba ka tashi ba ranar nan, da babu wanda zai binne mu. Kuma da ban riƙe ka ba, da ba ka daina ba. Duka biyun gaskiya ne. Ka koma zaure." Ya koma.

Barau ya tashi da gurguwar ƙafa, da sanda yake tafiya har ƙarshen rayuwarsa. Littattafan da ya tsirar ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Sai ya tara ɗalibai ya ce kowa ya kawo abin da ke kansa. Aka dafa tawada, aka fere alƙaluma, aka aika Kano aka samo takarda. Mai nahawu ya zauna ya faɗi nasa, mai luga ya faɗi nasa, ana rubutawa ana gwada na wannan da na wancan. Da aka zo babin tsarki da salla da yanka da jana'iza, sai aka tarar babu wanda ya riƙe su kamar Halliru. Ba ya iya riƙe alƙalami kuma, sai ya zauna yana faɗa mutum biyu suna rubutawa, har da bayanin da Malam Ilu kan ƙara da bakinsa. Kwana arba'in suka yi. Da aka samo wani kwafin littafin daga Haɗeja aka gwada, wuri huɗu kawai aka gyara.

Cikin shekara bakwai makarantar ta cika fiye da da. Waɗanda suka ga ranar wutar suka fara fita da izininsu. Ɗaya ya zama limami a wani gari kusa da Sule Tankarkar. Ɗaya aka ɗauke shi yana taimakon alƙali da duba littafi in shari'a ta yi wuya. Ɗan Kazauren nan da aka karya wa hannu ya tafi Makka a ƙafa, sai bayan shekara shida takardarsa ta iso, yana cewa ya tsaya a hanya yana koyarwa a wani gari na bakin kogi, ɗalibansa sun fi talatin. Asama'u, 'yar Malam Ilu, wadda take ɗaukar darasi daga bayan zana tun mahaifinta na da rai, ta buɗe karatun mata a cikin gida, har daga Maigatari ake kawo mata tambaya. Shi kuwa Barau, malamai masu furfura suna tasowa daga Damagaram su zauna a gabansa don nahawu.

Halliru ne na ƙarshe. A shekararsa ta goma sha tara a wurin, Barau ya zaunar da shi a tsakiyar zaure, a gaban kowa, ya yi kwana uku yana yi masa tambaya, bai sassauta masa don abota ba. A rana ta uku ya ce, "Nahawu dai ba ka da shi, kuma ba za ka samu ba. Amma abin da ka sani ka san shi. Na ba ka izini ka koyar." Ya naɗa masa rawani da hannunsa.

Mahautan Gagarawa sun daɗe suna neman wanda zai koya musu addini ba tare da ya raina sana'arsu ba. Halliru ya kwashi Kyauta da 'ya'yansu mata biyu ya koma can. Ya yi rumfa kusa da kasuwa. Kullum bayan sun gama aikin safe sai su wanke hannu su zo su zauna, manya masu iyali, wasu sun girme shi. Yana maimaita abu ɗaya sau goma ba ya gajiya, kuma bai taɓa ajiye bulala a rumfarsa ba. Daga baya manoma da masu jaki suka shigo, suka kai mutum ashirin da wani abu.

Shekara biyar ya yi yana haka. A bazara ta shida sanƙarau ya shiga garin, mutum ya kwanta da ciwon kai da safe, kafin yamma wuya ya sandare. Mutane suka riƙa gudun gawa. Halliru da ɗalibansa huɗu ne suka riƙa bin gida gida suna wanka suna kaiwa makwanci, wata ranar har mutum tara. A mako na uku ciwon ya kama shi. Kwana biyu ya yi, ya rasu ranar Laraba da la'asar, yana da shekara arba'in da shida. Ɗalibansa ne suka yi masa sutura.

Labari bai kai Ɗanzomo ba sai bayan kwana biyar. Barau ya hau jaki ya zo, ya yi wa Kyauta gaisuwa, ya sa aka kai shi kabarin ya daɗe a zaune. Ya kwana uku a garin. Da zai koma, mutum biyu daga cikin mahautan suka ce suna so su ƙara karatu, suka bar wa 'yan'uwansu rumfunan nama suka bi shi. Kyauta ta zauna a Gagarawa har ta aurar da 'ya'yanta, sannan ta koma gidan ƙanenta a Ɗanzomo.